Kwana Tara Ba a Share Gidan Doña Herminia Ba

Duk wanda ya yi firamare a garin Maunabo cikin shekara talatin da suka wuce ya ci shinkafar Doña Herminia Cintrón, ya kuma sha faɗanta. Ita ke riƙe da kicin ɗin makarantar, kuma ba ta taɓa zuba wa ɗalibi abinci ba sai ta juya hannunsa ta duba farce. Masu duba tsafta da gwamnati ke turowa sun daina wahalar da kansu a kanta tuntuni, sukan leƙo ne su gaishe ta, su sa hannu a takarda, su wuce. Yanzu shekarunta saba'in da ɗaya, ta yi ritaya, gwiwa ta fara yi mata gardama, amma har gobe ƙarfe shida na safe za ka ji ƙarar tsintsiyarta a barandar gidan nan mai launin ruwan ƙwai da ke kan tudu, sama da gidan burodi.

Mijinta, marigayi Celestino, shi ya gina gidan da hannunsa, Asabar bayan Asabar. Ranar da aka zuba kankaren rufi, maza ashirin na unguwa suka yi layi suna miƙa wa juna bokiti, ita kuwa ta cika musu ciki da shinkafa da kaza. A ƙarƙashin rufin nan ta raini 'yarta tilo, Yarelis, wadda yanzu take aikin jinya a birnin Orlando, can ƙetaren teku. Inshorar gidan ma Celestino ne ya ɗaura tun yana raye, ita kuma ta ci gaba da biya duk shekara, don ba ta iya barin abu a tsakiya ba.

Da guguwar Satumba ta zo, gidan bai motsa ba. Sai dai ganye ya toshe magudanan rufi, ruwa ya kwanta a sama kwana biyu cur, ya nemi hanya ya samu. Saman falo da na ɗakin kwana suka yi baƙi, bango ya yi zane-zane, katifa da kujerun falo suka jiƙe har suka soma wari. Herminia ba ta jira kowa ba. Ranar da motar sharar ƙaramar hukuma ta fara hawowa tudu, ta sa aka loda katifar da kujerun. Ko hoto ɗaya ba ta ɗauka ba. Wa ke ɗaukar hoton ƙazanta?

Sai takarda ta zo cewa ranar Alhamis kamfanin inshora zai turo mai ƙiyasta ɓarna. Tun ranar Litinin ta aika wa ƙanenta Eladio, tsohon direban motar rake, ya zo da tsani da bokitin fenti biyu.

"Yaya Minia, mutumin nan fa ɓarna zai zo gani."

"Ya gani mana. Amma ba zai shigo mini gida ya tarar da bango kamar gindin tukunya ba. Me zai je ya ce?"

"Wa zai gaya wa? Daga San Juan yake, bai san ko kare ba a garin nan."

"Ni na san kaina. Hau tsani, Layo, kana ɓata mini rana."

Shafi uku suka yi wa saman ɗakunan. Ranar Alhamis gidan yana ƙyalli, tayil kamar ka ci abinci a kai, labule sababbin wanki. Mutumin ya zo, sunansa Arroyo, ɗan kimanin shekara arba'in da biyar, idanunsa jajur don gida na sha ɗaya ke nan da ya shiga tun safe. Ta zaunar da shi a baranda, ta kawo kofi da madara da biskit.

"Doña, ɓarnar ta yi yawa?"

"A'a, mun gode Allah. Ɗan ruwa ne ya shigo. Ka je ƙasan tudu ka ga waɗanda rufinsu ya tashi ɗungurungum. Mu ai sai godiya."

"Kayan ɗaki fa?"

"Tsofaffi ne dama. Ƙara biskit, ɗan'uwa, na ga ba ka ci komai ba."

Ya zagaya, ya ɗaga kai, ya ga fari fat. Ya ɗauki hoton taga ɗaya da ta fashe da ƙofar ƙarfen da ta lanƙwashe. Da zai tafi ya ce bai ga gida mai tsafta kamar wannan ba tun da aka yi guguwar, ita kuwa ta wuni tana jin daɗin maganar.

Bayan wata biyu cak ɗin kamfani ya iso, dala dubu ɗaya da ɗari huɗu. A makon ne aka yi ruwan farko mai ƙarfi, fentin ya kumbura kamar ƙunar wuta, ya fashe, ɗiga ta dawo wuri biyar, kowane wuri da bokitinsa a ƙasa. Maginin da Eladio ya kawo ya hau sama ya sauko yana girgiza kai. Ya ce ruwa ya kai ga rodi, sai an fasa an sake, kuma aikin ya haura dubu ashirin.

Yarelis ta bugo waya ran Lahadi da yamma, kamar kullum.

"Mama, mene ne wannan nake ji yana ɗas, ɗas?"

"Famfo ne."

"Famfo a falo? Kawu Layo ya gaya mini komai. Ki saurare ni da kyau. Na gyara miki ɗakin baya, har da gado na saya. Idan watan Yuni ya kama ba a gyara rufin nan ba, zan zo da kaina in ɗauke ki. Ba zan zauna nan ina kallon labarin yanayi ina tunanin kankare zai faɗo miki a ka ba."

"In je in yi me a can? In zauna a bene na uku ina ƙirga motoci?"

"Ki ƙirga su da ranki, Mama."

Herminia ta ajiye wayar. Ta san 'yarta. Halin uban ta ɗauko, ba ta faɗin abu sau biyu.

Ƙawarta Provi ce ta miƙa mata wani ɗan kati bayan an fito daga coci. Ta ce akwai masu ƙiyasin ɓarna da ba na kamfani ba, masu zaman kansu, waɗanda mai gida ke ɗauka su tsaya masa. Suna sake auna komai, su yi jayayya da kamfani, in an ƙara kuɗi su ɗauki kasonsu. Wannan mace ce, Nilsa Berríos, daga Humacao, ita ta yi wa surukin Provi aiki.

Eladio ko karɓar katin bai yi ba. "Ungulaye ne, Yaya. Guguwa na wucewa sai ka gan su da mota mai sheƙi. Kin manta Don Cheo mai kifi? Ya sa wa wani irinsu hannu a takarda, mutumin ya ɓace, takardunsa suka maƙale shekara biyu, shi bai samu ba, bai kuma iya zuwa da kansa ba."

"Wannan mace ce."

"Ungulu ma tana da mace."

Gaskiyar magana, ba kason ne ya dami Herminia ba, ba kuma labarin Don Cheo ba. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne Arroyo. Mutum ya zauna a barandarta, ya sha kofinta, ya yabi gidanta, sannan ta ɗauko wata ta je ta ce ya cuce ta? Kuma da bakinta ta ce masa ba komai. Ita da ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba, ko lokacin da aka yi shekara guda ba a gyara mata murhun makaranta ba. Ta sa katin a ƙarƙashin gilashin tebur, yana nan har kwana goma sha biyu. Da ɗiga ta shida ta ɓullo daidai kan matashinta, ta ɗaga gilashin.

Nilsa ta zo ran Talata a wata tsohuwar mota mai tsani a ɗaure a sama. Gajeriya ce, kakkaura, da takalmin leburori, a hannunta sandar tsintsiya da aka ɗaura wa ƙarfe a kai. Eladio yana baranda ya harɗe hannu.

"Zauna, 'yar nan, kofi na kan wuta."

"Na gode, Doña, sai na gama. In na sha kofin mutum kafin in duba gidansa, da idonsa nake gani, ba da nawa ba." Ta juya wajen Eladio ta miƙa masa wani kati mai hoto. "Kai ne mai gadin, ko? Ga lambar lasisina. Buga wa ofishin kula da inshora ka tambaye su, ina jira."

"Wa ya ce miki ina zargi?"

"Fuskarka, dattijo. Tun daga ƙasan tudu na hango ta."

Ya buga kuwa, a gabanta, ya yi minti ashirin yana sauraron kiɗa kafin a amsa masa. Kafin ya gama Nilsa ta shiga falo ta soma ƙwanƙwasa saman ɗaki da sandarta, taki ɗaya bugu ɗaya. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Sai kuma wani wuri ya amsa da bum, kamar ganga.

"Kin ji?"

"Na ji."

"Karɓi, ki buga da kanki."

Herminia ta karɓi sandar. Ta buga kusa da fitila, ƙas. Ta matsa wajen da Celestino yakan ajiye kujerarsa, ta buga, sai wani ɓangaren kankare mai girman faranti ya ɓalle ya tarwatse a kan tayil. A cikin ramin ga rodi nan ya yi ja, yana ɓarewa kamar ɓawon itace. Hannunta ya tafi neman tsintsiya da kansa.

"Bar shi, Doña. Kar ki taɓa." Nilsa ta durƙusa tana ɗaukar hoto. "Wa ya yi fentin nan?"

"Ni da ƙanena."

"Kafin mutumin kamfani ya zo ko bayan?"

"Kwana uku kafin."

Nilsa ta zauna daɓas a kan wani bokiti da ke kife, ta yi dariya har tana share ido. "Ki yafe ni. Ke ce ta bakwai a bana. Wata a Patillas har furanni ta jera ta rufe tsagar bango. Me kika ce masa da ya tambaye ki?"

"Na ce mun gode Allah."

"Allah ya ji godiyarki. Kamfani kuma ya rubuta ta a takarda."

Bayan Nilsa ta hau rufi ta sauko, ta sha kofin, ta shimfiɗa musu magana ba kwana-kwana. Ta ce hanya biyu ce. Herminia tana iya rubuta wa kamfani da kanta ta nemi a sake dubawa, ba sai ta biya kowa ba, kuma da ɓarnar taga ce kawai da ita ma haka za ta ba ta shawara. Ko kuma ta ɗauke ta, ta karɓi kashi goma cikin ɗari na abin da aka ƙara kawai, ba na cak ɗin farko ba. In ba a ƙara ba, ba ta da ko sisi. Ta ce ba ta yi alkawarin adadi ba, ba ta yi na rana ba, kuma katifa da kujerun da aka zubar sun tafi ke nan, a manta da su.

"Shi mutumin fa?" Herminia ta tambaya. "Za a kore shi?"

"Don me? Ya rubuta abin da kika nuna masa." Ta ajiye takardar yarjejeniya a kan tebur. "Kar ki sa hannu yau. Ki karanta, mai gadi ma ya karanta."

Da ta tafi, Eladio ya ce tunda akwai hanyar kyauta, me ya sa za a ba wata dubbai? Herminia ta yarda. Washegari ta sa tabarau, ta ɗauko takarda mai layi, ta yi hantsi tana rubutu. Da azahar ta kira shi ta karanta masa.

Wasiƙar ta fara da gaisuwa ga manaja da iyalinsa. Ta gode wa kamfani bisa cak ɗin da aka aiko. Ta yabi ladabin Arroyo, ta roƙi a gaishe shi. Ta ba da haƙurin damunsu a lokacin da ta san aiki ya yi musu yawa. A layi na biyun ƙarshe ta ambaci cewa akwai ɗan ɗiga. Ta rufe da cewa idan ba zai yiwu ba, ba komai, ta fahimta.

Eladio ya cire hularsa ya sosa kai. "Yaya, wannan in suka karanta, cewa za su yi ki mayar musu da canji."

"To ai ba zan yi musu rashin kunya ba."

"Ba za ki iya ba, shi ne matsalar. Ni kuma in na rubuta, 'yan sanda za su turo." Ya jawo takardar Nilsa ya tura mata. "Na karanta sau biyu jiya. Kira ungulun."

Ta sa hannu ranar Juma'a. Nilsa ta kawo injiniya, ta tattara hotunan da maƙwabta suka ɗauka daga saman tudu lokacin da ruwa ke kwance a rufi, ta yi mako uku tana waya da rubuce-rubuce, har kamfani ya amince a sake dubawa. Aka sa rana, kwana tara masu zuwa. Sai Nilsa ta gindaya sharaɗi guda.

"Daga yau har su zo, ba shara a falo da ɗakin kwana, ba goge-goge. Abin da ya faɗo ya zauna inda ya faɗo. Bokitai ma a bar su a inda suke. Ki koma ɗakin 'yarki da kwana."

"Kwana tara?"

"Tara, Doña. Don Eladio, ka tafi da tsintsiyoyin gidanka."

Herminia ta sha wuya a rayuwa, ta binne miji, ta yi wata biyar ba lantarki, amma ta gaya wa Provi cewa kwanakin nan tara daban suke. Ɓaraguzai suka taru a tsakar falo. Baƙin funfuna ya keto fenti ya bazu a kusurwa. Ta riƙa ratsa falon da kai a sunkuye kamar mai wucewa ta gaban wanda suka yi faɗa. Ta rufe ƙofar gaba, duk wanda ya zo a baranda take tsayar da shi. Rana ta huɗu Eladio ya kama ta da tsumma a hannu, ta ce gumi take sharewa. Barandar kuwa, da ƙaramar tsintsiyar da ta ɓoye a bayan firji, ta share ta har sau huɗu a rana.

Ranar ta zo. Mota ta tsaya, sai ga Arroyo ya fito, shi da wani injiniyan kamfani. Herminia ta ji kamar ta shige ƙasa. Nilsa ta raɗa mata cewa ba sai ta ce komai ba, ita za ta yi magana. Amma da Arroyo ya tsaya a bakin falo yana kallon bokitai shida da ramin da ke sama, Herminia ta matso.

"Ɗan'uwa, ina da magana. Ranar da ka zo, ban gaya maka gaskiya ba. Ruwa ya kwana biyu a rufin nan. Haka saman ya yi baƙi tun a lokacin, ni na sa aka shafe don kar ka ga gidana da datti. Laifina ne, ba naka ba."

Arroyo ya juyo ya dube ta. "Doña, tun daga baranda na ji warin sabon fenti. Har sau biyu na tambaye ki."

"Ka tambaya."

"Uwata ma haka take. In likita zai zo, sai ta tashi ta yi wanka ta shafa hoda, ta ce masa ta warke." Ya miƙa wa Nilsa hannu. "Ara mini sandar nan taki."

Awa biyu suka yi suna ƙwanƙwasawa suna zana da'ira da alli. Aka yi musu a kan ɗakin kwana, injiniyan kamfani ya ce rabin tsatsar ta tsufa ce, ba ta guguwa ba. Nilsa ta ce ya nuna mata rabin. Herminia tana kicin tana jin muryoyinsu suna hawa suna sauka, kuma a karon farko tun Satumba ta ji kafaɗunta sun saki. Wata ce ke faɗan, ita nata sauraro.

Ba a ba su duk abin da Nilsa ta nema ba. An rage wani abu a kan ɗakin kwana, kayan ɗaki kuwa ko ambatonsu ba a yi ba. Amma abin da ya zo a watan Afrilu, bayan Nilsa ta cire nata, ya ishi rufin, Eladio kuma ya ce shi zai yi fenti kyauta, tunda ya ƙware.

Ran Lahadin farko ta watan Mayu magina suna sama suna ƙarasa aiki don su riga ruwa, waya ta yi ƙara.

"Mama, ba na jin ki. Wace hayaniya ce wannan?"

"Magina ne. Laraba za su gama."

Yarelis ta yi ajiyar zuciya mai tsawo. "To ɗakin da na gyara fa? Gadon ko leda ban cire masa ba."

"Zan zo in kwana a kai. Sati biyu, a watan Yuli."

"Wata ɗaya."

"Sati biyu. Kuma tikitin zuwa da dawowa za ki saya, ki turo wa kawunki ya duba mini ranar dawowar da idonsa."

"Mama, ba ki yarda da ni ba?"

"Na yarda da ke ƙwarai, shi ya sa. Bari in je, mutanen nan tun safe ba su sa komai a ciki ba."

Ta ajiye wayar, ta fita tsakar gida, ta kare ido da hannu tana duban sama, ta tambayi babban magini su nawa ne yau.